Wa Ya Ɗauki Ƙasar Da Aka Gina Badala?

Karatun mako: Nehemiya 3, Markus 10:35-45



Babu kalmar da ta fi kasuwa a tarurrukan matasa a 'yan shekarun nan kamar girma. A je taron farkawa, takensa girma. A je taron koyon sana'a, an gayyato wani ya koya mana yadda ake kafa daular kasuwanci. Da asuba ka buɗe WhatsApp, ga hoton zaki da rubutu a ƙasa cewa don mulki aka haife ka. Masu shimfiɗa littattafai a bakin titi a Sabon Gari su ma sun gane abin da ake nema: sirrin attajirai, dabarun yaƙin sarakunan da, tarihin waɗanda suka fara da shago ɗaya suka mallaki duniya. Ba mu ce duka banza ba ne. Wanda ya gama makaranta shekara uku ba aiki yana bukatar mai ce masa ya ɗaga kai. Amma muna zaune a garin da ya ga girma iri-iri, garin da ake yi wa kirari da tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Bai kamata mu tafi neman darasi wajen Iskandari da Napoliyon ba alhali ga malami a bayan gida.

Mu fara da Yakasai. Unguwa ce a cikin tsohon birni, ba ta da nisa da Asibitin Murtala da Kasuwar Rimi, kuma da ƙafa ake zuwa Gidan Rumfa daga can. Da yawa daga cikinmu mun san wajen ta dalilin jinya ko cefane ko ɗinki. Akwai labarin da ake bayarwa a baki cewa tushen unguwar Kwararrafa ne, wato mutanen da ake dangantawa da Jukunawa, waɗanda suka zauna ba su koma ba. Yaƙin Kwararrafa da Kano kuwa yana rubuce cikin littafin Tarihin Kano: a ƙarni na 17 sun zo fiye da sau ɗaya, har suka shiga cikin ganuwa suka yi ɓarna. A lokacin, jin sunansu kawai ya isa ya hana birni barci. Yau masana suna muhawara a kan inda babban birninsu ma ya zauna a zamuna daban-daban. Sarautar Aku Uka tana nan a Wukari da martabarta, kuma 'yan'uwanmu na Taraba da ke cikin zumuntar nan za su iya ba mu labarinta. Amma rundunar da ta girgiza Kano, abin da ya rage nata a Kano shi ne labarin asalin wata unguwa, inda yara ke buga ƙwallo a lungu, masu ɗan sahu suna neman hanya.

A nan mai wa'azi yakan tsaya ya ce: kun gani, kowace daula tana faɗuwa. Gaskiya ne. Sarki goma, zamani goma. Amma wannan darasin ba sabo ba ne, kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Malaman Musulunci na ƙasar nan sun daɗe da faɗarsa. Waƙar Bagauda, tsohuwar waƙar Hausa ce da ke jera sarakunan Kano da shekarun mulkinsu, sannan ta juya ta zama wa'azi a kan mutuwa da hisabi. Waɗanda suka karanta adabin Turanci sun san waƙar Shelley ta 1818 a kan gunkin wani sarki da ya karye ya kwanta cikin yashi. Kowa ya yarda da wannan, har su sarakunan. Matsalar ita ce darasi ne mai araha. Faɗuwar daula ba ta mayar wa kowa kwanakin da ya yi yana yi mata dako. Tambayar da muke ganin ta fi nauyi ita ce: lokacin da girman yake tsaye, a kan wuyan wa yake tsaye?

Ku dubi badala. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, wajen farkon ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, wasu bayansa suka ƙara, har ta zagaye fili mai tsawon sama da kilomita 14. Ba siminti, ba mota, ba injin haƙa. Jar ƙasa ce aka haƙa, aka kwaɓa da ƙafa, aka mulmula tubali ɗaya bayan ɗaya da hannu, aka shanya, aka ɗauka a ka. Kuma ginin ƙasa ba a gama shi: kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an koma yaɓe. Kududdufan da ke cikin birni, waɗanda yanzu ake ta cikewa ana gini a kai, yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne. Duk inda ka ga gini ya yi sama a tsohon birni, akwai rami a wani wuri da ya yi ƙasa daidai da shi, kuma tsakanin ramin da ginin akwai mutum da kwando.

Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya fassara a 1908, ya kawo sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello. Taska ce babba, ba don shi ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Ya faɗi abin da Rumfa ya ƙirƙiro: gidan sarauta, Kasuwar Kurmi, kakaki, takalman gashin jimina, majalisar Tara ta Kano. Ya faɗi sunayen jarumai da kirarinsu. Amma in ya zo kan waɗanda suka yi aikin, sai ya koma lissafi. A zamanin Abdullahi Burja, in ji shi, Galadima ya yi ta kai hari kudu har ya kafa garuruwa 21, kowanne da bayi dubu. An ƙidaya su kamar buhuna. Ba sunan ko ɗaya. Muna faɗar wannan a hankali, domin a cikin zumuntar nan akwai waɗanda kakanninsu suna cikin masu kamawa, akwai waɗanda nasu suna cikin waɗanda aka kama, akwai kuma masu jinin duka biyun. Ba tonon tsohon miki muke yi ba.

Kada kuma wani ya ce wannan halin Kano ne, ko halin wani addini. Buɗe 1 Sarakuna sura 5. Haikalin Allah kansa ake ginawa, Sulemanu mai hikima ke gini, kuma ga lissafin: mutum 30,000 aka ɗiba aikin tilas, 70,000 masu ɗaukar kaya, 80,000 masu fasa dutse. Su ma adadi ne, ba suna. Mu kan karanta labarin zinariya da itacen al'ul mu yi ta mamaki, mu tsallake waɗannan ayoyin. Littafi Mai Tsarki bai tsallake sakamakon ba. A sura 12, bayan mutuwar Sulemanu, jama'a suka zo wurin ɗansa Rehobowam suna roƙo ya sassauta nauyin. Dattawa suka ce ya saurare su. Samarin da suka tashi tare da shi, wato zumuntar matasa ta fadar, suka ce ya nuna musu shi ya fi ubansa ƙarfi. Ya bi ta samari. Kabilu goma suka ɓalle, shugaban aikin tilas kuma aka jajjefe shi har ya mutu. Samari ne suka ba da wannan shawarar, sa'o'inmu, masu son a ga girma.

Yanzu mu koma Nehemiya 3, surar da yawancinmu ke tsallakewa saboda sunaye masu wuyar faɗa. Ita ma labarin ginin ganuwa ce, ta Urushalima, amma an rubuta ta daga ƙasa. Tana bin garu ƙofa ƙofa, tana faɗar wanda ya tsaya a kowane sashe. Babban firist da 'yan'uwansa a Ƙofar Tumaki. Kusa da su mutanen Yariko. Ga Uzziyel maƙerin zinariya, ga Hananiya mai haɗa turare, mutanen da hannunsu bai saba da dutse ba. Ga Shallum, mai mulkin rabin yankin Urushalima, yana aiki tare da 'ya'yansa mata. Ga Malkiya, shi ma mai mulki ne, rabonsa ya faɗa a Ƙofar Juji, inda ake fitar da shara, bai ce a sauya masa ba. Wasu sun gyara daidai ƙofar gidansu, wani ma daidai ɗakin da yake kwana. Mutanen Tekowa sun gama sashensu sun ɗauki na biyu, amma aya ta 5 ta rubuta cewa manyansu sun ƙi sa wuya. Shekara fiye da 2,400 ke nan, abin da aka sani game da manyan Tekowa shi ne sun fi ƙarfin ɗaukar dutse.

Abin da ya fi ba mu mamaki, shi gwamnan ba a ba shi sashe da sunansa a wannan jerin ba. Nehemiyan da ke aya ta 16 wani ne dabam, ɗan Azbuk. An gama garun cikin kwana 52, ba a kuma kira shi Garun Nehemiya ba. Sura 5 ta nuna inda hankalinsa yake. Ana tsakiyar aiki talakawa suka yi kuka cewa bashi ya sa sun jinginar da gonaki, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu. Ya tara manya ya sa suka mayar da gonakin. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, saboda ya ga nauyin da ke kan jama'a. Mutumin nan fa ma'aikacin daula ne, mai shayar da Sarkin Farisa, ya san fada ciki da waje. Bai gudu daga matsayi ba. Ya dai san wanda ke biyan kuɗin matsayin.

Da Turawa suka zo, an sauya mai hawa, ba a sauya mai ɗauka ba. Masu sha'awar daular kasuwanci su lura cewa Ingila ta shigo Arewa da kamfani kafin ta shigo da gwamna. Kamfanin George Goldie ya sami takardar izinin sarauta a 1886, yana ciniki, yana da sojoji, yana karɓar kuɗin fito a kogin Kwara. A ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi ragamar, ta biya kamfanin diyya, ba a tambayi ko mutum ɗaya daga masu ƙasar ba. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ƙofa da igwa ta shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ganuwar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ɗaukar mata ƙasa ba ta tsare birnin ko na yini guda ba. An kama Alu daga baya, ya ƙare rayuwarsa a Lokoja. Rundunar da ta ci Kano kuwa Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Sojojin baƙaƙen fata ne, da yawa Hausawa, kuma igwar da harsashinta a kan 'yan dako suka taho daga Zariya. Daga baya aka ɗebi mutane shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta iso Kano a 1911, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka ɗebi dubbai na tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Duk wannan mulkin, daga 1903 zuwa 1960, shekara 57 ne. Marigayi Ado Bayero shi kaɗai ya yi 51 a kan karaga.

Jirgin ƙasa ya kawo dalar gyaɗa, hoton da har yau ake nunawa in ana maganar arzikin Arewa. Sunan da ke manne da ita shi ne Alhassan Ɗantata, wanda ya taso daga fataucin goro na Gwanja, ya zama babban mai sayen gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin Afirka ta Yamma. Mutum ne mai himma da tsimi da riƙon amana a ciniki, akwai abin koyi a wurinsa, kuma zuriyarsa ta kai ga Aliko Ɗangote, mai matatar man Lekki da aka tsara ta tace ganga 650,000 a rana. Amma ku sake duban tsofaffin hotunan dalar. A gefe za ku ga mutane ƙanana kamar tururuwa, kowanne da buhu a ka, suna hawa. Bayansu akwai manomin da ya shuka don ya sami kuɗin haraji, da matan da suka ɓare da hannu. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 da shagala da man fetur suka kwashe dalar. Sunan masu ita ya zauna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutanen birnin nan ba su jira mu ba kafin su yi wannan tambayar. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta tsaya ne a kan kalma ɗaya, talakawa, kuma Malam Aminu Kano da mabiyansa sun sha ɗauri da duka a kanta. Alhaji Tanko Yakasai, ɗan unguwar da muke magana, yana cikin jiga-jiganta. Sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano. A adabi ma haka. Cikin littattafan Hausa na farko da aka buga a 1934 akwai Ganɗoki, mai yabon jarumi da takobinsa, akwai kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya bi yaron da aka sace da uwar da ta ratsa hamada tana nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Duniya ɗaya ce littattafan biyu suke kallo, ɗaya daga kan doki, ɗaya daga ƙasa. Game da takaddamar sarautar Kano ta kwanan nan, da cirewar 2020 da mayarwar 2024, ba mu da bakin magana, sai addu'ar zaman lafiya. Mun dai ga yadda ake ba da rawani da sa hannu a takarda, a kuma karɓe shi da wani sa hannun.

Tarihin ikilisiya a Kano shi ma yana da abin faɗa mana. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller da abokan tafiyarsu suka iso birnin, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Akwai masu mishan na lokacin da suka sa rai cewa in Ingila ta ci ƙasar, ƙofa za ta buɗe wa bishara. Ingila ta ci, sannan ita da kanta ta hana su aiki a cikin masarautu shekaru da yawa, domin zaman lafiyar haraji ya fi mata bishara muhimmanci. Waɗanda suka fara tara sujada a Sabon Gari ma'aikatan jirgin ƙasa ne da akawu da 'yan kasuwa. Ƙofar da ta buɗe zuwa ga Hausawan karkara kuwa ta jinya ce. A ƙarshen shekarun 1930 aka ba SIM kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, a 1943 aka buɗe asibitin ido wanda yanzu yake hannun ECWA. Wanke gyambo da ɗaure bandeji da ɗiga magani a ido, aikin da manya ba sa so, shi ya yi abin da igwa ba ta yi ba. Duk lokacin da muka ji ana cewa sai mun kama mulki tukuna Mulkin Allah zai ci gaba, mu tuna an taɓa gwada jingina da mai ƙarfi a garin nan.

To, ga Markus 10. Yesu yana kan hanyar Urushalima, ya gama faɗa wa almajiransa cewa za a kashe shi, sai Yakubu da Yohanna suka matso suna neman kujerar dama da ta hagu. Sauran goman suka ji haushi, ba don sun fi tsarki ba, don an riga su ne. Yesu bai tsawata musu don sun so girma ba. Ya nuna musu yadda masu mulkin al'ummai suke danne na ƙasa da su, ya hana a yi haka a tsakaninsu, ya ce hanyar zama babba ita ce zama mai hidima, ya kafa hujja da kansa da ransa da zai bayar fansa. Mu kan ji wannan kamar shawara ce ta ladabi: in ka zama shugaba ka riƙa murmushi kana gaisawa da mutane. Maganar ta fi haka nauyi. A duniyar da aka raba mutane gida biyu, masu suna da masu adadi, Ɗan Allah ya shiga cikin masu adadi. An haife shi a tsakiyar ƙidayar Kaisar Augustas, lamba ɗaya cikin lissafin haraji. Ya yi aikin sassaƙa da hannu. A daren ƙarshe ya ɗauki tasa da tawul, aikin bawan gida. Washegari aka ɗora masa katako a kafaɗa.

Da ƙarfinsa ya ƙare a hanya, sojojin Roma suka yi abin da kowace daula ke yi: suka kama wani mai wucewa suka sa shi dakon tilas. A littafin Roma wannan mutumin ba kowa ba ne. Markus 15:21 ya rubuta sunansa, Siman, ya rubuta garinsa, Kurane, a ƙasar da yau ake kira Libiya, ya ƙara da sunayen 'ya'yansa biyu, Iskandari da Rufus. Ɗan dako daga Afirka, da sunansa da na 'ya'yansa, ana karantawa a majami'u a faɗin duniya har yau. Jarumin da ya ba da umarnin a kama shi, ba a rubuta nasa ba.

Wani ɗan'uwa zai ce: wannan maganar marasa ƙarfi ce. Mu 'yan tsiraru ne a Kano, ana hana mu abubuwa da yawa, maimakon a ƙarfafa mu mu nemi kuɗi da matsayi sai a ce mu zauna muna wanke ƙafa. Mun ji wannan, kuma akwai ciwo na gaske a bayansa. Amma ba mu ce kowa ya rage buri ba. Yusufu ya riƙe Masar, Daniyel ya yi aiki a fadar Babila, Lidiya ta Ayyukan Manzanni 16 'yar kasuwar tufafin rini ce, da ta zo Ƙofar Mata da ta san abin da take kallo, kuma gidanta ne ya zama masaukin ikilisiya a Filibi. Ka karanta, ka buɗe shago, ka yi rassa, ka tsaya takara. Amma lura da abin da Daniyel ya faɗa wa Nebukadnezzar a sura 4, kafin sarkin ya hau bene ya yi fahariya da Babila. Bai ce ya rushe birnin ba. Ya ce ya rabu da zunubi ta wurin yin adalci da jin ƙan waɗanda ake zalunta. Irmiya 22 kuma ya yi kaito ga sarkin da ke gina benaye da gumin maƙwabcinsa ba lada, sarkin Yahuza ne fa, ɗan gidan Dawuda. Wanda aka danne a waje ba shi da lasisin danne wani a cikin gida.

Domin ƙananan dauloli ma suna da 'yan dako, kuma da yawa daga cikinmu mun riga mun kafa namu. Mai shago a Kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari yana da yaro da aka yi alkawarin za a sallame shi da jari bayan shekaru kaza, shekarun sun cika ana ta ce masa kasuwa ba kyau. Mai rumfar POS uku yana da 'yan mata uku da ke zama cikin rana daga safe zuwa dare, in an sami giɓi a cire daga albashinsu, in an sami riba ba ruwansu. A gidajenmu akwai yarinya da aka ɗauko daga ƙauye da sunan za a sa ta makaranta, ita ke tashi kafin kowa, ita ke kwanciya bayan kowa, ranar Lahadi tana bayan majami'a da goyo ba ta ji wa'azin ba. Mai turo mana ruwa a kura, muna ciniki da shi a kan naira hamsin kamar za a yi yaƙi, sannan mu je taro mu yi alkawarin dubu hamsin don a kira sunanmu a lasifika. Maimaitawar Shari'a 24 ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci a ranar da ya yi aikin, kafin rana ta faɗi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Yakubu 5 ya ce ladan da aka danne yana da murya, kuma Ubangiji yana jin ta.

Majami'u ma ba su tsira ba. Ana gasar wa ya fi girman ɗakin sujada, wa ya fi yawan rassa, wa ya fi dogon laƙabi kafin sunansa. In an gama gini, a manna allo da sunan babban baƙo da ya zo da mota ya yanke zare. Leburorin da suka hau da kankare a kwano zuwa bene, waɗanda sau da yawa maƙwabtanmu Musulmi ne da suka zo cin rani, sun tafi, ba wanda ya san ko an cika musu kuɗinsu. Abin da suka gani a wurin aikin nan shi ne wa'azin da suka ji daga gare mu, wataƙila shi kaɗai za su taɓa ji. A cikin zumuntarmu kuma kowa ya san kujerun da ake rububi a lokacin zaɓe, ya san ayyukan da sai an yi ta roƙo: jera benci, wanke bayan gida, kwana a asibiti da wanda ba shi da dangi a gari, raka 'yan'uwa mata gida in an tashi dare. Waɗanda ke yin su kusan mutane ɗaya ne kowace shekara, kuma ba su ne ake kira gaba ranar godiya ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wannan makon. A rukunin nazari, a karanta Nehemiya 3 da murya daga farko har ƙarshe, kada a tsallake suna ko ɗaya, ko harshe zai karye. Kowa kuma ya zo da takarda ya rubuta mutanen da rayuwarsa ke tsaye a kansu: yaron shago, 'yar aiki, mai gadi, mai ruwa, mai kwashe shara. Cikakken suna, da garin da ya fito, da abin da ake biyansa, da ranar da aka biya shi na ƙarshe. Inda ka tarar ba ka san sunan ba, ka je ka tambaya kafin Lahadi. Inda akwai bashin lada ko alkawarin sallama da ya wuce lokaci, ka fara da shi kafin baikon gini. Za mu kuma kai wa dattawan ikilisiya roƙo a rubuce cewa rahoton kwamitin gini na gaba ya zo da sunayen magina da leburori, da shaidar cewa an biya kowannensu.